Ƙananan Tafkuna a Akita

A ɗakin ƙasa na asibiti, inda ba a kashe fitila,
Chiharu ta ɗora wuƙa kan ƙwaƙwalwar Tokuzo.
Mako biyu tana jiƙe a ruwan magani,
ta daskare kamar awara,
tana yankuwa sala-sala.

Masunci ne. Takarda ta ce tamanin da ɗaya,
hawan jini tun yana ɗan arba'in, suga daga baya,
taba kwali guda kullum.
Takarda ba ta ambaci gishirin kifin hunturu ba,
ko kabejin da matarsa ke dannewa da dutse a ganga,
don dusar ƙanƙara kan rufe hanya wata huɗu
ciki kuwa ba ya jiran ta narke.

Can ciki, a farin sashe,
inda zaruruwa ke kai saƙo daga unguwa zuwa unguwa,
ga rami na farko. Bai kai ƙwayar wake ba.
Ta ƙirga bakwai. Ta sake, takwas.

Ƙarƙashin madubi jijiyar ta fito,
siririya kamar gashi, ita kaɗai, babu maƙwabciyar da za ta karɓe ta.
Bangonta ya yi kauri, ya yi sheƙin gilashi.
Shekara arba'in jini na dukanta
tana ƙara tsuke ƙofa,
har wata safiya ya zo ya tarar a rufe.
'Yar gonar da take shayarwa ta mutu ba ko tari.
Masu shara suka zo, ƙwayoyi da tumbi cike da kitse,
suka kwashe, suka bar ruwa,
aka ɗinke gefen da tabo kamar gyaran koma.

Bara matarsa Sumie ta ce wa likita:
ai bai taɓa faɗuwa ba.
Tsinken cin abinci ne ya fara zame masa,
sai ƙafar hagu ta riƙa jan tabarma,
sai sunan jikarsa ya tafi kwana biyu
ya dawo a rame.
Ya yi kuka ran da babu abin kuka.

Chiharu ta rubuta girman kowanne da mazauninsa.
Da rana ta kwance kwanon da uwarta ta ɗaure mata:
shinkafa, kifi, da kabejin nan mai gishiri a kusurwa.
Ta daɗe tana kallonsa.
Ta ci rabi.