Cinikin Gidan Mati

Da hantsi na sauka Auyo,
laka ta cinye takalmina tun daga tasha.
Tasi'u na banki yana jira a ƙofar gidan,
makulli a hannu, takarda a hammata,
jan fenti a katanga: na sayarwa ne.

Ya ce miliyan huɗu.
Na ƙwanƙwasa bango, ƙasa ta zubo.
Na nuna masa zanen da ruwa ya bari
daidai ƙirjina,
bara, da kogi ya kwana a cikin gari.
Na taya biyu da rabi.
Ya ce albarka.

Ɗaki uku, rumbu babu hula,
rijiya an rufe ta da ƙofar tsohuwar mota,
tabon baƙin mai inda injin ban-ruwa ya zauna.
A zaure wani yaro ya yi lissafi da gawayi,
bakwai sau takwas,
bai sa amsa ba.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a.
Na san ba a kallon zanen yara,
kwano ake kallo, da tsatsa, da nisan titi.
Tasi'u ya juya baya ya kira manaja a Haɗeja,
ya dawo da uku da rabi.
Na kama hanyar fita, a hankali,
yadda za a iya kira na.

Sai ga mutum da bokiti.
Mati ne, wanda ya ci bashin shinkafa,
ruwa kuma ya ci shinkafar.
Ya zo shayar da lemon tsamin da ya dasa.
Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce,
Alhaji, kusurwar gabas tana yoyo,
kada su ɓoye maka.

Gaskiya ce, kuma kuɗi ce a aljihuna.
Na buɗe baki zan rage,
Tasi'u ya matso, ya yi ƙasa da murya:
duk abin da ka zabge mana
a wuyansa zai kwana.

Lemon yana shan ruwa.
Ba wanda ya yi magana.

Na ce uku da dubu ɗari biyu.
Ya ce na sallama.
Ba alheri na yi ba, na riga na auna:
in an daɓe, an sa siminti, zai kai biyar.

A mota, wajen Kafin Hausa,
na ji bakina yana cewa
hamsin da shida.