Majanyi

Shekara tara ban buɗe baki na ƙyalƙyale ba.
In Tasalla ta soma ba'arta a kicin ɗin gidan tsofaffi
sai in matse cinya, in ciji leɓe, in dubi tukunya.
Suka ce Ladidi ta cika shan ƙamshi.
Ƙofa nake tsaro. Ban taɓa faɗa da dariya ba, ni da dariya.

Atishawa ɗaya a tashar bas ta Manningham,
ɗumi ya gangara har cikin safa.
Ruwan saman Bradford ne ya rufa mini asiri,
kowa a jiƙe, wa zai tantance nawa?
Na san kowane ban-ɗaki daga gida zuwa kasuwa
kamar yadda makiyayi ya san rijiya.

Alwala ta fi ci mini rai.
In kabbara, tari ya same ni a ruku'u.
Malam ya ce akwai rangwame ga mai lalura. Na ji,
amma fatawa ba ta busar da zani, balle kunya.

Likita Hargreaves, siririya kamar sillen kara,
ta ɗora ni a sikeli. Ɗari da sha huɗu.
Ba ta yamutsa fuska ba, wannan na yaba mata.
Ta zana mafitsara a bayan takarda, tulu mai sakakken wuya:
haihuwa huɗu ta sassauta maɗaurin,
nauyi yana danna shi daga sama dare da rana.
Ki rage ko kaɗan, in ji ta, ƙila ba sai an kai ga wuƙa ba.
In an yanka a haka, miki kan yi nawar warkewa,
yoyon ma kan iya dawowa.
Ba ta sa wa maganar zuma ba. Na fi son gaskiya.

Tuwona ya koma kamar dunƙulen hannun yaro.
Na hau tudun Heaton da ƙunzugu biyu,
tafiyar da za ta rage ni ita ke zubar da ni.
Matse, saki, matse, saki, wata shida a gaban talabijin.
Kilo tara suka tafi. Yoyon ya ragu, bai yi sallama ba.
Sunana ya shiga layi, ya shekara a hanya.

Ranar sa hannu ta ce ba raga za ta sa ba.
Ƙarƙashin kitsen marata akwai tantani mai ƙarfi,
daga nan za ta yanko ƙyalle ta tallafi wuyan tulun.
Na ce, majanyi ke nan.
Ta ce me? Na gwada mata da gyale yadda muke tare goyo.
Ashe tumbin da aka yi shekaru ana zargi
shi zai ba da abin goyon, daga nasa kaya.

Na farka da roba a jiki, bakina kamar toka.
Kwana biyu nas ta zare ta, ta miƙo mini moɗar awo.
Shekara tara ina roƙonsa ya tsaya,
yau ga ni ina lallashinsa ya fito,
famfo a buɗe, ni a zaune, ko ɗigo.
Na koma gida da robar, kwana goma.
Gefen ɗinkin ya yi ruwa, na sha ƙwayoyi, na sha wuya.

Sati na bakwai Tasalla ta zo dubiya,
ta jefa attaruhu a mai ba ta buɗe taga ba.
Atishawa uku a jere.
Na daskare ina sauraron jikina
kamar mai jin motsi a tsakar gida da tsakar dare.
Shiru.
Ta ce, ke, lafiya?

Abin da ya fito daga bakina ya yi tsatsa,
ƙara ce irin ta ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba.
Har yau akwai zani a naɗe cikin jakata,
har yau idona na neman ban-ɗaki kafin kujera.
Likita ta ce sai shekaru sun shaida.
To, su shaida.
Jiya na yi azahar da la'asar da alwala ɗaya.