Kwana Talatin da Ɗaya

Likita Nurhan ce ta ƙirga su:
saiwa dubu uku da ɗari huɗu,
an tono daga ƙeya, an dasa a goshi.
"Wata guda ban da gumi," in ji ta,
"ko takalmi za ka ɗaura, kar ka sunkuya."

Na yi ta barci a zaune
kamar fasinjan jirgin ruwan Kadikoy,
ɓawon ciwo na zuba a kafaɗata
kamar riɗin burodin simit.

Yau na sauka matakalar gidan ɗaga ƙarfe.
Warin roba da tsatsa ya tarbe ni.
Erdal ya leƙa kaina:
"Gonar taka shiru?"
Na ce sai ta kakkaɓe kafin ta tsiro.

Ni mai kilo ɗari da ashirin,
sandar kawai ya miƙo mini, babu faifai ko ɗaya.
A ta takwas jini ya hau kai,
kowace saiwa na bugawa.
Na ajiye.

Gumin farko ya gangaro.
Ban goge ba, na dafa tawul a hankali
kamar mai taɓa maɗigar jariri.

Sannan na ƙara biyu.