Shafi Na Tara

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinkin fata a Kurmi,
rumfata can ciki, bayan masu tandu,
inda mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya karkace.
Wanda ya san ni, warin jima ke kawo shi.
Wanda bai san ni ba, sai ya yi tambaya sau uku.

Sai ga Mujittaba, ɗan ƙanwata, da kwamfuta a hammata:
"Kawu, zan buɗe maka rumfar da ba a rufewa da magariba."
Kwana huɗu yana ɗaukar hoton jakunkuna,
yana kwantar da su kan farin zane kamar jarirai ranar suna.
Ran Alhamis ya ce, "An gama. Duniya za ta gan ka."

Na yi wanka, na zauna jiran duniya.

Bayan mako ya duba ƙidaya:
mutum bakwai suka leƙo.
Shida ni ne.
Ta bakwai mai ɗakina ce, ta shiga ganin ko hotona ya yi kyau.

Na rubuta sana'ata a injin bincike,
na yi ta dannawa, na gaba, na gaba,
na wuce kantunan Legas, na wuce na Dubai,
na wuce wani mai roba yana kiran ta fata,
sai a shafi na tara na tarar da kaina a tsugune.
Ashe can ma akwai lungu.

Muka sayi talla, dubu takwas.
Kowane dangwalen yatsa da kuɗinsa.
Kafin la'asar 'yan kallo sun cinye,
ko mai tayi babu.
Na ce wannan dillali ya fi na Kwari wayo,
a kan kallo yake karɓar la'ada.

Yaron ya ce akwai wani gizo-gizo
mai yawon dare, daga shafi zuwa shafi,
yana karanta kalmomi, yana kai rahoto.
Ba ya shinshina fata, ba ya shafa ɗinki,
abin da ka rubuta kaɗai ya sani.
Na ce, to me muka rubuta?
"Kayayyakin gargajiya masu inganci da nagarta."
Na yi dariya har basilla ta faɗi.
Wa ya taɓa shigowa Kurmi ya ce a ba shi nagarta?
Cewa suke: jakar fatar akuya, ja, mai zif,
wadda littafi zai shiga.
Cewa suke: nawa ne gaskiya?

Muka goge. Ina faɗa, yana rubutawa,
kowace jaka da sunan da mai saye ke kiran ta.
Har ɗinki muka ƙara masa dinki,
don babban yatsa ba ya tsayawa neman lanƙwasa.
Muka rage nauyin hotuna
kada mai datar naira ɗari ya gaji ya juya.
Muka kafa tsinke a taswira, daidai bakin lungu.
Na roƙi tsofaffin abokan ciniki shaida,
Malam Ɗanjuma ya rubuta: "Tawa ta shekara goma, maratayin bai tsinke ba."
Wata mai shagon lalle a Tarauni ta ɗaura shafinmu a jikin nata.

Wata guda, shafi na shida.
Bayan babbar salla, na uku.
Ɗinki ne shi ma: huda, zare, huda, zare,
ba ka ganin jaka sai ka kusa gamawa.

Jiya da hantsi waya ta yi ƙara.
Wata malamar asibiti daga Makurdi,
Hausarta na ɗingishi, tambayarta a miƙe:
"Jar nan mai zif, akwai biyu?"
Na ce akwai. Wa ya kwatanta miki ni?
Ta ce, "Ba kowa. Rubutawa na yi, ka fito."

Na kai tashar Unguwa Uku da kaina,
na zana lambarta a kwali da manyan baƙaƙe.
Da na dawo, lungun yana nan yadda yake,
mai baro ya tare hanya, ana ta musu.
Mujittaba ya ce har yanzu a shafi na biyu muke.
Na ce, miƙo min basilla.