Abin da Tsintsiya ta Sani

Ni ban yi lakkwal ba.
Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gadin kolej a Tawa,
ni ke buɗe ƙofa, ni ke buga tsohon ƙarfen taya
da ke rataye a wuyan bedi.
Akwai abin da darakta bai sani ba,
tsintsiyata ta sani.

Bayan makewayi, inda katanga ta tsage,
abin da nake sharewa ba ganye ba ne:
ɓawon ƙwaya, mai ƙyalli, mai rami goma,
kowane rami farce ya huda shi.
Litinin shida. Laraba tara.
Makon jarrabawa sai ƙirga ta ƙwace mini.
Ga kwalbar maganin tari, ban ji mai tari ba.
Ga tsumma mai warin sholisho,
ga ƴar leda wadda sai da tsinke nake ɗaga ta.

Na yi shiru, na ce ba huruminka ba ne, Kadade,
har ran da Arzika ɗan Nomau ya faɗi a filin gudu,
kumfa a baki, idanu sun juye.
Yara suka watse suna cewa iskoki.
Yaron da ubansa ke Abijan tun yana rarrafe,
yaron da ke lodin albasa a tasha sai dare ya raba,
da safe ya zauna kan benci kamar bai san gajiya ba.
Ni na san sunan iskar.
Dala ashirin ake sayar da ita a kan tire.

Na ɗauki buhuna na kai wa Madam Tsahara.
Ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.
Ta ce, Baba, gobe kai ne mushe.

Na zazzage shi kan tebur gaban yara saba'in.
Ƙarar ba ta kai ta tsabar gero ba,
amma ajin ya mutu.
Ba ta tambayi na wane ne ba.
Ta ɗauki alli ta zana ƙwaƙwalwa kamar curin fura,
ta ce ƙwaya ba ta da ƙarfin ba kowa,
naka na gobe take ranto maka yau,
ran biya kuma ba ta jin Allah ya ba ka haƙuri.
Ta tashi biyu, ta ce nan fada ce, ga shayi,
kai miƙa masa, kai kuma ka ƙi.
Wanda zai ƙi ya rasa ta cewa, aka yi ta dariya.
Ta ce sake. Ya sake. Sau huɗu,
sannan a'a ta zauna a bakinsa.

Ta ajiye gwangwanin madara bakin taga,
mai tambaya ya jefa, ba suna.
Wata takarda ta ce: in mutum ya riga ya fara fa?
Madam ta karanta ta sau biyu,
ta ce asibiti ba gidan kaso ba ne, ni zan raka shi.

Ban ce an gama ba.
Mai tire na nan, ya koma bayan masallaci.
Litinin da ta wuce na share uku.
Arzika ya dawo, hannunsa na rawa in ya riƙe biro,
yana rubutu a haka.

Amma jiya da asuba, da na ɗaga butata,
na tarar da wani ɓawo a ƙarƙashinta,
rami goma, duka a rufe,
ba wanda farce ya taɓa.
Ban san wa ya ajiye ba.
Ƙarfe takwas na buga ƙarfen,
suka shigo suna gaishe ni, ina duban kowa,
ba wanda ya sunkuyar da kai.