La'adar Zanena

A bikin ɗiyar Malam Shaibu, can Bagalam,
mata bakwai suka taɓa gefen zanena
suka ce, "Habsu, ina kika samo?"
Na faɗa musu kyauta, kamar kullum.
Da dare na kwanta ina lissafi:
shekara shida bakina na cika aljihun wasu,
ko dala ba ta ɓata hanya ta faɗo nawa ba.

Tambayar nan ita ce jarina.
Ba ni da rumfa, ba ni da keken ɗinki,
sai ido mai gane launin da zai karɓi baƙar mace da tsakar rana,
da ɗaurin kallabin da ake bina har bakin kabu-kabu a tambaya.

Ranar Litinin na shiga kasuwa
neman wanda zan yi wa dillanci.

Alhaji Tsahiru ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi.
Shaddarsa na sheƙi kamar gulbi ya kawo da safe.
Ya ce goma cikin ɗari,
amma biya sai kaya sun ƙare,
sai mota ta dawo daga Lome,
sai yaronsa ya duba littafi,
kuma wadda ba ta ambaci sunana tun daga bakin ƙofa ba,
ba tawa ba ce.
Na ce, "Alhaji, macen da ta hangi leshi
ina take tuna sunan wani?"
Ya yi dariya, ya ce in sha lemona.

Ɗan Baro na unguwar Zariya bai bari na zauna ba.
Ashirin cikin ɗari, hannu da hannu!
Ya cusa mini yadi biyu in je in nuna.
Na kai gida na jiƙa a roba.
Kafin kiran isha'i ruwan ya koma zoɓo,
furannin suka bar zanen suka tafi yawonsu.
Na tsaya da tafin hannu ja jawur
ina hango Barira, da adashinta na wata biyar,
sanye da wannan ranar suna, gumi ya karyo mata.
Shi gobe sai ya sake fenti, ya sauya wa shago suna.
Ni fuska ɗaya gare ni,
da ita nake zuwa barka, da ita nake zuwa gaisuwar mutuwa.

Rumfar Hajiya Cima na bayan ƴan goro,
mutum biyu ba sa juyawa a ciki.
"Biyar cikin ɗari," ta ce, tana awo, ba ta ɗago ba.
Na ja takalmina.
"Amma wadda kika kawo sau ɗaya
taki ce har shekara ta zagayo,
ko ta zo da ke, ko ta aiko jikanta.
Juma'a bayan la'asar mu yi lissafi.
In kaya ya dawo, la'ada ta dawo. Wannan ma ki sani."

Ban yarda nan take ba.
Na ɗaura wa Sa'ade kallabi, na ce ta je ta sayi turmi,
kar ta ce kowa ya aiko ta.
Hajiya ta dubi kanta sau ɗaya,
ta jawo littafi daga ƙarƙashin tabarma:
"Wannan ɗaurin Habsu ne."

Juma'ar farko, jika biyu da dala hamsin.
Na sayi sabulu da kifi busasshe,
saura na ƙulle a bakin zane.
Yaron Alhaji har yau yakan rage gudu a ƙofarmu
ya ce, "Goma ta fi biyar, Hajiya!"
Ta fi. Akwai daren da nakan sake lissafin.

Jiya a Mokoyo wata ta kama gefen zanena.
Na ce, "Bayan ƴan goro.
Ki jiƙa shi kafin ki kai wa tela,
in ya zuba, kin san gidana."