Taswirar da ke Tafin Ƙafata

Lubabatu, rufe durowar nan.
Taswirar da kike nema gara ta cinye ta
tun kina goye.
Abin da ya rage yana tafin ƙafata,
kuma watan gobe za su sallame ni.

Taso mu fita yanzu, ƙarfe biyun dare,
sa'ad da Sakkwato ke kama bakinta
ruwa ya samu damar magana.
Riƙe sandar ƙarfen nan.
Kafa ta a ƙasa, ɗora kunnenki a kai.
Kin ji? Ba iska ba ce.
Bututu ne ke kuka ƙarƙashin kwalta,
shekara uku yana shayar da saiwar dogonyaro,
Mabera kuwa na kwana da tulu a kife.

Shekara talatin da biyar ina wannan sauraro.
Na san inda babban layi ya yi kwana
don kada ya ta da wani kabari.
Na san makunnar da aka gina shagon ɗinki a kanta;
telan ya san sallamata,
yakan ja kekensa gefe in shiga rami.

A makaranta sun ce miki ruwa ba shi da launi.
Jira damina.
Rima zai iso mana jawur, ya yi kauri kamar kunu,
ki tsaya bakin tankin tacewa
kina ƙirga buhunan alif da ido,
takardar neman ƙari tana barci kan teburin wani.
Jira bazara kuma,
gulbi ya rame har haƙarƙarinsa su fito,
ki yi ta duban hanyar Goronyo kamar mai jiran baƙo.
Ga wuta an ɗauke,
ga janareta na tarin tsufa.

Ranar da famfo ya kawo, ba mai ganinmu.
Ranar da ya yi gyatsa ya yi shiru,
ranar kowa ke tuna sunan uwarmu.
Ni ma wurin ɗan ga-ruwa nake saye.
Inno takan tsaya da jarka a hannu ta ce,
"Modi, kai ne mahaucin da gidansa ke shan lami."
In yi dariya. To, me zan ce?

Tsaya nan. Shaƙi iskar.
Nan kwata ta rungumi bututu.
Wata shekara yara suka fara zawo a layin nan,
gida huɗu, gida bakwai,
ni da Arzika muka zo da dare muka ɗaure ruwan
ba da izinin kowa ba.
Muka shiga baƙin taɓo har gwiwa
muna laluben tsagar da hannu.
Da safe takardar tuhuma ta riga mu ofis.
Tana nan cikin akwatina, kusa da takardar aure.
Arzika bai kai fansho ba.
Yaran nan yanzu wasu na da gemu,
suna wuce ni a kan babur,
ba su san ni ba, kuma hakan ya yi mini.

Na ji abokan karatunki sun tafi banki,
wasu kamfanin waya, inda sanyi ke busawa.
Ba zan ce ki zauna ba.
Albashin nan ba ya kai mutum ƙarshen wata,
ɗora shi yake a hanya ya juya.
Amma akwai wani sauti,
asuba, in aka saki layin da ya daɗe a bushe,
iska ta fara gudu a gaba, ruwa na korar ta,
sai ki ji gida-gida ana jan bokiti.
Ban san sunan wannan a takardar albashi ba.

Fito da na'urar taki mai haske.
Duk inda na taka, ki rubuta.
Kada ki yarda da ƙafa, ɗiyata,
ƙafa ma gara na jiran ta.

Sa alli a nan, daidai gindin bishiyar.
In an sallame sallar asuba, mu haƙa.